Yadda ake binciken digiri kan ilimi, doka da raya karkara a ƙauyukan Kano da Jigawa

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Najeriya zai yi karatun shekara 9 kyauta kuma dole, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin firamaren ƙauye ranar kasuwa ya san akwai tafiya mai nisa tsakanin wannan magana da abin da ido ke gani. Wannan tazarar ita ce abin bincike. Ɗalibin da ke neman digiri na biyu ko na uku a fannin ilimi, ko shari'a, ko raya karkara, in ya iya auna ta a ƙauyuka kaɗan, ya kawo dalilinta da hujja, to ya yi aikin da jama'a za su amfana da shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kundayen da ake cike takardun tambayoyinsu a cikin birni, ba a ko taka ƙauyen da aka rubuta sunansa a bangon kundin ba. Mutanen da ake rubutu a kansu sun wuce a yi musu haka. Ga yadda ake aikin tun daga tushe.

Da farko, matse tambayarka

"Matsalolin ilimi a jihar Jigawa" ba tambaya ba ce. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano na da 44, kai kuwa mutum ɗaya ne da kuɗin mota ƙayyadadde. Ka matse ta har ta zama abin da za a iya amsawa da ƙirga da hira. Misali: cikin 'yan matan da suka gama aji shida a firamare huɗu na gunduma ɗaya, nawa ne suka shiga ƙaramar sakandare, sauran kuma ina suka tsaya, me ya tsayar da su? Tambaya irin wannan ta haɗa fannonin uku da kanta. Akwai doka da ta ce dole su shiga, akwai tsarin hukuma da ya kamata ya kai su, akwai kuma hanya da rafi da gona da talla da ke tsakaninsu da ajin. Da wannan misali zan riƙa tafiya, amma matakan ɗaya ne ko bincikenka a kan burtali ne, ko rabon filin noman rani, ko makarantun 'ya'yan makiyaya.

Ka rubuta tambayar a jimla ɗaya ka kai wa malamin da ke duba aikinka. In ya karanta bai tambaye ka "wane gari? wace shekara?" ba, ta matsu.

Karanta dokar da idonka

A nan ɗalibai da yawa ke yin sakaci, suna kwafo abin da wani ya ce doka ta ce. Ka nemo ainihin takardun ka zauna da su.

Fara da kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati samar da ilimin firamare kyauta kuma dole, amma ya sa sharaɗin "idan hali ya yi". Sashen yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta aiki da shi kai tsaye. Shi ya sa dokar 2004 take da nauyi, domin ita ce ta mayar da manufar ta zama wajibi a rubuce. Ta ɗora wa iyaye tura yaro makaranta, ta kuma sa hukunci: karon farko jan kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu ko duka biyun. Ka riƙe wannan, domin a ƙauye za ka tambayi dagaci da sakataren ilimi ko sun san an taɓa hukunta wani da wannan sashe. Amsarsu kaɗai tana iya zama shafi guda a kundinka.

Sai maganar kuɗi. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin bai-ɗaya, kuma jiha ba ta ɗaukar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata rabin. Daga UBEC abin ya gangaro SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, daga nan sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sai hedimasta da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Ka zana wannan tsani a takarda ɗaya. Duk matsalar da ka gani a ƙauye, sai ka tambayi kanka a wane mataki ta maƙale. Rufin aji da iska ta yaye, wa ya kamata ya gyara? Malamin da aka yi wa canjin wuri ba a kawo madadinsa ba, wa ya sa hannu?

In bincikenka ya taɓa ƙasa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ce uwa. Ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. In kan 'ya'yan Fulani makiyaya ne, ka nemi dokar da ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, wadda hedikwatarta ke Kaduna. Kada kuma ka manta da dokokin jiha, waɗanda za ka nema a ma'aikatar shari'a ko majalisar dokoki a Kano ko Dutse. Don tarihi, gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House a Kaduna suna da rahotannin gundumomi na zamanin En'e, waɗanda ke nuna yadda aka riƙa ƙirga gonaki da mutane don haraji.

Zaɓi wuri, ka zaɓi lokaci

Kada ka zaɓi ƙauyuka don suna bakin kwalta. Ƙauyen da motar haya ke tsayawa shi ne wanda jami'ai ke leƙawa, na can ciki kuwa sai a mashin ko a ƙafa, kuma a can tazarar ta fi faɗi. Ka samo jerin makarantun gundumar daga ofishin ilimi, ka raba su gida biyu, na kusa da ƙaramar sakandare da na nesa, sannan ka yi ƙuri'a a kowane kashi. Ka rubuta yadda ka yi ƙuri'ar, za a tambaye ka ranar kare kundi. In aikinka na ƙididdiga ne, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya nuna cewa cikin mutum 1,000 samfurin 278, wato waɗanda za ka zaɓa ka tambaya a madadin sauran, ya wadatar. Sai dai ka tuna ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, don haka adadin mutanen ƙauye da za ka samu a takarda ƙiyasi ne. Gara ka zauna da masu unguwanni ku jera gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Lokaci kuwa shi ne rabin aikin. Daga Yuni zuwa Satumba kowa na gona, magidanci ba zai bar noman farko ya zauna amsa tambayoyi ba. A yankin Ringim, Auyo, Haɗeja, Guri da Kirikasamma ambaliya kan yanke hanya a ƙarshen damina, kamar yadda aka gani a 2022. Da kaka ana girbi da sussuka, yara ma suna gona. Bayan an kai amfani gida, samari su tafi ci-rani, almajirai su bi malamansu. A wuraren noman rani irin su Kura, Bunkure da Garun Malam, waɗanda ke shan ruwan dam ɗin Tiga, rani ma ba hutu ba ne, lokacin tumatir da albasa da alkama ne. Babu watan da ya dace da komai. Abin yi shi ne ka je aƙalla sau biyu, a yanayi biyu daban, ka kuma rubuta ranar kowace ƙirga. Ka san ranakun kasuwannin yankin tun kafin ka tashi. Alhamis a kewayen Maigatari da Juma'a a kewayen Wudil ba ranakun neman magidanta a gida ba ne, amma ranaku ne masu kyau na ganin yara nawa kasuwa ke ɗebewa daga aji.

Shiga gari ta ƙofa

Ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenka, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka. Ka kai SUBEB, su ba ka takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Wannan ɓangaren gwamnati ke nan. Ɓangaren sarauta kuma ka fara da hakimi, shi zai haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwa, ko bulama a wasu sassan ƙasar Haɗeja. In za ka shiga ruga, sai ta hannun arɗo. Ka gaida limamin gari, in akwai tsangaya ka je ka gaida alaramma tun kafin ka buƙaci wani abu a wurinsa.

A zauren dagaci kada ka yi gaggawar zaro takarda. Ka cire takalmi, ka durƙusa, a gaisa a tambayi gida da gajiya da hanya. Sai an ce "to, madalla, me ke tafe da kai?" sannan ka yi bayani a taƙaice: "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne. Ina nazari ne kan karatun 'ya'ya mata. Ba gwamnati ce ta aiko ni ba, ba kuma rabon tallafi nake rubutawa ba." Jimlar ƙarshen nan ka maimaita ta a kowane gida. Mutanen karkara sun sha ganin masu littafi da biro suna rubuta sunaye, wani lokaci tallafi ya biyo baya, wani lokaci shiru. In suka ɗauka tallafi ne, kowa zai zama ba shi da ko akuya. In suka ɗauka hukunci ne, kowace yarinya za ta zama tana makaranta. Kada ka yi alkawarin rijiyar burtsatse ko gyaran aji don a saki jiki da kai. Goro ga dattawa da kwalin alli ga makaranta sun isa, amma kada ka biya kuɗi a kan amsa.

Mai unguwa zai ba ka ɗan rakiya. Ka karɓa da godiya, ya nuna maka gidaje, amma lokacin hira ka roƙe shi ya jira a waje. Ba wanda zai faɗi abin da ke ransa game da filin makaranta da aka cinye a gaban ɗan gidan mai gari.

Tambayoyi da kayan aiki

Ka rubuta tambayoyinka da Hausa tun farko, Hausar da ake yi a wurin. Ka ba wani ya mayar da su Turanci ba tare da ya ga naka na asali ba, ku gwada ku ga ko ma'ana ta kauce. Sannan ka gwada su a ƙauyen da ba ya cikin samfurinka, a kan mutum goma ko sha biyar. A nan za ka gane waɗanda ba sa aiki. Tambayar shekarun haihuwa, misali, sau da yawa ba ta da amsa kai tsaye, sai ka haɗa da wani abu da kowa ya tuna, kamar shekarar babbar ambaliya ko naɗin dagaci mai ci. Tambayar kuɗin shiga ma haka, gara ka tambayi dami nawa na gero aka samu bana, buhu nawa na riɗi aka sayar. Ka kuma yanke tun yanzu abin da za ka ƙirga a matsayin gida ɗaya, domin ƙofa ɗaya na iya ƙunsar magidanta biyar. Abin da aka fi bi shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya.

Manhajar cike tambayoyi irin KoboToolbox ko ODK na aiki a waya ko babu intanet, kuma suna ɗaukar wurin da aka yi hirar. Ka tafi da batirin ajiye caji da littafin rubutu mai kauri, don waya na iya mutuwa.

Ka ƙirga da kanka

Wannan shi ne matakin da na fi so ɗalibi ya ba lokaci. A makaranta akwai adadi uku, kuma ba safai suke zama ɗaya ba: wanda aka aika wa hukuma a ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, wanda ke cikin rajistar aji, da wanda ke zaune a ƙasa ko a benci ranar da ka je. Ka samo duka ukun. Ka isa makaranta kafin ƙarfe takwas ba tare da ka sanar da ranar zuwanka ba, ka ƙirga kawuna aji-aji, maza daban mata daban. Ka sake ƙirgawa bayan an dawo tara, domin yarinyar da ta je gida cin abinci sau da yawa farantin talla ke jiranta. Ka ƙirga malaman da ke cikin aji, ka gwada da sunayen da ke littafin sa hannu.

Ka buɗe rajistar ka duba ta da kyau. In ka ga alamun halarta na mako guda cur an yi su da biro ɗaya, da karkata ɗaya, ba wanda ya yi fashi ko ranar kasuwa, ka san a zama ɗaya aka cike ta. Kada ka tsare malamin da tuhuma. Ka rubuta abin da ka gani, daga baya cikin hira ka tambaye shi ajujuwa nawa yake riƙewa shi kaɗai, daga wane gari yake zuwa, nawa yake kashewa a mai. Sau da yawa dalilin na nan.

Don misalinmu, ka kwafi sunayen 'yan matan da suka gama aji shida bara, ka tafi ƙaramar sakandare mafi kusa ka nemi sunayen a rajistar aji ɗaya. Waɗanda ba ka gani ba su ne za ka bi gida-gida. Ka kuma taka hanyar da ƙafarka daga ƙauyen zuwa sakandaren, ka duba agogo, ka lura ko akwai rafi, ko daji, ko gonakin dawa masu tsayi da uba zai ji tsoron 'yarsa ta ratsa ita kaɗai.

Hira

"Me ya sa ba ka sa 'yarka a makaranta ba?" tambaya ce mai kama da zargi, kuma amsarta kullum "talauci" ce, daga nan magana ta mutu. Ka ce: "Baba, bayan ta gama firamare, yaya aka yi?" Ka yi shiru ka saurara. Zai iya kawo maganar kuɗin yunifom, ko nisan hanya, ko yayarta da ta gama sakandare ba ta iya karanta wasiƙa ba, ko miji da ya fito. Kowanne dalili ne daban, maganinsa daban. Wanda ya ce makarantar ba ta koyar da komai ba ƙin boko yake ba, hukunci ya yanke a kan abin da ya gani, kuma ya kamata kundinka ya ɗauke shi da muhimmanci.

Namiji baƙo ba ya wuce zaure. In kai namiji ne, dole ka sami mace mai taimaka maka, wadda ka horar da ita sosai, ta shiga cikin gida da sallama bayan an nemi izinin maigida. In ke mace ce, kina da damar da abokan karatunki maza ba su da ita, ki yi amfani da ita. Iyaye mata su ne suka san abin da tallar yarinya ke kawowa a rana da abin da ake tarawa na kayan ɗaki, kuma ba za a fahimci fitar 'yan mata daga makaranta ba sai da wannan lissafi. A yi hira da kishiyoyi daban-daban. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba sai da yardar iyayenta da tata, kuma a inda ake hango ku. Kafin ka kunna rikoda ka nemi izini, wanda ya ƙi ka rubuta da hannu.

In magana ta kai ga ƙasa da shari'a

A ƙauye gona na canja hannu ta gado, saye, aro, haya da jingina, kuma mafi yawansu ba takarda, sai shaidu da sanin mai unguwa. Ka tambayi kowace gona ta wace hanya ta zo. Ka tambayi mata ko sun karɓi kasonsu na gado a ƙasa, ko an ba su kuɗi, ko yana hannun 'yan'uwa maza ana noma musu. Rikici kuma yana bin tsani: dattawan gida, mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan kotun shari'a. In ka tsaya a rajistar kotu kaɗai, ƙarshen zance kawai ka gani, domin yawancin rigingimu a zaure ake sulhunta su. Ka nemi izinin duba rajistar a rubuce ta hannun magatakarda. In wata hukumar tarayya ta riƙe maka bayani, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta, amma ka fara da lalama da yawan komawa, sun fi saurin buɗe durowa.

Kowane dare, da bayan an dawo

Kada ka kwanta sai ka duba takardun ranar, ka cike giɓi tun kana tunawa, ka rubuta abin da ka gani wanda ba ya cikin tambayoyi. Ka ba kowane mutum lamba a maimakon suna, jerin sunayen ka ajiye shi daban. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta kula da irin wannan, kuma ƙauye ƙarami ne: in ka rubuta "wani malami mai koyar da lissafi a gari kaza", ka riga ka faɗi sunansa.

Wajen nazari, ka jera abu uku gefe da gefe a kan kowace matsala: abin da doka ta ce, abin da jami'i ya ce ana yi, da abin da ka ƙirga ko ka ji. Inda suka saɓa, nan babinka yake. Ka gwada sakamakonka da manyan binciken gida-gida na ƙasa irin su MICS na 2021, wanda ya duba halin yara da mata, amma kada ka ce abin da ka samu a ƙauyuka huɗu shi ne halin jiha gaba ɗaya. Shawarwarinka kuma su kasance da mai su. "Gwamnati ta inganta ilimi" ba ta da adireshi. "Ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya nemi a buɗe ajin ƙaramar sakandare a harabar firamaren da ta fi nisa" tana da wanda za a tambaya.

Bayan ka kare kundin, ka taƙaita sakamakon a shafi biyu da Hausa mai sauƙi, ba sunan kowa a ciki. Ka kai wa hakimi, da dagatan da suka karɓe ka, da sakataren ilimi, da shugaban kwamitin kowace makaranta. Ka roƙi dagaci ya tara mutane bayan la'asar ka karanta musu da baki, mai taimaka maka kuma ta yi wa mata nasu zaman a cikin gida. Ka tafi da biro, domin za su gyara maka wasu abubuwa, kuma gyaran zai shiga maƙalar da za ka fitar daga kundin.